Takobin Awudu Ya Dawo da Kaifi

Mariƙin takobin ne kawai ya yi sako-sako. Shi kaɗai Baba Saaka ya ce a gyara, ya kuma maimaita wa ɗansa Zulkarnain a bakin zaure.

Takobin na kakan Baba ne, Awudu, wanda ya yi hafsa a sojan Hausawa zamanin Turawa. Bai taɓa yin kaifi ba, na fareti ne. A jikin ruwansa an zana sunan Awudu, da jerin garuruwan da yaƙi ya kai shi. Tun da idon Baba ya tafi, da yatsa yake bin rubutun, gari bayan gari, yana ba da labarin kowanne. Yanzu jikarsa Najat ta zama hafsa, za ta zo Salaga ranar Juma'a, kuma ya yi niyyar ya ba ta labarin duka kafin ya danƙa mata takobin.

Zulkarnain zai kai doya Bawku, sai ya biya ta Yendi wurin Sidiku maƙeri. Direban lori na ta danna masa oda, shi kuwa ya miƙa takobin a gurguje.

"A gyara shi da kyau, Malam Sidiku. Soja za a ba."

Da ya dawo daga Bawku, Sidiku ya tare shi da fara'a, ya zare takobin a rana. Sai walƙiya yake kamar sabon faranti.

"Massa, maigida, duba aiki! Da ka kawo shi ko albasa ba ya yanka. Yanzu gashi ma zai aske."

Zulkarnain ya juya ruwan takobin gaba da baya. Sumul.

"Ina rubutun?"

"Wane? Wannan datti-datti? Na sa shi a inji, duk ya fita."

"Mariƙi na ce ka gyara!"

"A'a, Massa. Ka ce soja za a ba. Zan ba soja takobi mara kaifi a ce aikin Sidiku ne? Mariƙin ma na gyara, taɓa ka ji."

Mariƙin kuwa ya zauna daram. Zulkarnain ya buɗe baki zai yi faɗa, ya tuna abin da ya faɗa da bakinsa, ya rufe.

"Kawo in sake rubutawa," in ji Sidiku. "Faɗa mini abin da yake wurin."

Zulkarnain ya yi ƙoƙarin tuna garuruwan, ya kasa. Tun yana yaro yake jin labarin, amma bai taɓa sunkuyawa ya karanta jerin ba. Ya kira yayarsa Alimatu a waya, ita ma Kumasi kawai ta iya tunawa.

"Hoto fa, Yaya? Ba wanda ya ɗauka?"

"Na kube muka ɗauka," ta ce. "Kai dai zo ka faɗa masa da kanka. Ni ba ruwana."

Bai faɗa ba. Ya rataye takobin a ɗakin Baba, yana ta ɗaga maganar zuwa gobe, har Juma'a ta zo.

Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Najat ta durƙusa gaban kakanta da kakinta. Baba ya shafa kafaɗarta, ya ji tauraro, ya yi dariya.

"Amaryata ta zama soja. To ni wa zai dafa mini tuwo?"

"Ango, sai ka shiga bariki a ba ka naka kwano," ta ce.

Aka miƙa wa Baba takobin. Ya gwada mariƙin, ya gyaɗa kai. Ya zare, ya kai yatsa zai ɗora, Zulkarnain ya cafke hannunsa.

"Baba, zai yanke ka."

"Me zai yanke ni?"

Nan Zulkarnain ya faɗa masa komai. Baba bai ɗaga murya ba. Ya zame hannunsa, ya bi tsakiyar ƙarfen a hankali daga mariƙi har tsini, ya sake dawowa.

"Ba komai," ya ce, ko da yake muryarsa ba ta nuna haka ba. "Ai na sani a ka. Najat, matso. Awudu ya bar Salaga yana saurayi, aka kai su Kumasi. A can ne harsashi ya huda masa kunne. Daga Kumasi sai..."

Yatsansa ya matsa gaba a kan ƙarfen, ya tsaya.

"Daga Kumasi sai Kamina. A'a, akwai wani kafin Kamina. Inda suka haye kogi, abokinsa ya nutse."

"Gambaga?" in ji Alimatu.

"Ba Gambaga ba."

"Ko Kintampo, Baba?" Zulkarnain ya ce a hankali.

"Kai ka yi mini shiru."

Najat ta gyara durƙuso, tana jira. Baba ya koma farko, ya sake cewa Salaga, ya sake cewa Kumasi, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Tuwo ya huce a kwanuka, ba wanda ya tashi. Can ya mayar da takobin kube, ya ɗora a cinyarta.

"Ɗauki," ya ce. "Sunansa Awudu. Abokin kuma na manta."