Cokalin Aku

"Riƙe min kanta, Yaya, kar ta kauce," in ji Maman Aku, cokali a hannunta.

Na riƙe, ba don raina ya so ba. A cikin cokalin ƙwayar zink ce aka jiƙa da ruwa har ta narke. Aku ta sha, sai tari ya sarƙe ta, idonta na hagu wanda ciwon ya karkatar ya kawo ruwa. Ranar da aka sallame su daga asibiti, a gabana nas ta ja kunne cewa haɗiya ta fara gagarar yarinyar, a yi hattara da abin da ake ɗura mata.

Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasu. Mu mutanen gidan haya muka sa mata Aku, don tun da bakinta ya buɗe babu wanda ya sake hutawa. Takan leƙo ta tagata ta ce, "Gwaggo, me ya sa haƙorinki ɗaya ya fi sauran tsawo?" Sai ga ciwon kai, ga amai da sassafe, ga tangaɗi in tana tafiya. Hoton kai ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa, a inda hannun likita ba ya kaiwa. Aka yi iya abin da za a yi, aka ce su koma gida.

Ƙanwar baban Aku ce ta janyo maganar zink, mace ce da saƙo ba ya kwana a wayarta. Ta turo muryar wani mutum yana rantsuwa cewa ƙarancin zink ne ke kawo wa yara ƙari a ka. Daga ranar Maman Aku ta rufe keken ɗinkinta, ta koma ita da cokali.

"Ki bari haka nan, za ki shaƙe ta," na ce da muka fito tsakar gida.

"Yaya, ni na jawo." Ta zauna a bakin famfo. "Tana ƙarama ta yi gudawa, aka ba ni zink aka ce in ba ta har ya ƙare. Da na ga ta warke sai na jefa sauran a durowa. Har yanzu yana nan. Da na ƙarasa ba ta..."

Tsoro biyu ya kama ni: kar cokalin nan ya kashe yarinyar, kar kuma ta tafi ta bar uwarta ɗauke da wannan kaya har kabari.

Washegari da hantsi na tasa ta a gaba, muka bar Aku da babanta. A kan bencin asibiti ta kasa zama. Da waya ta yi ƙara a jakar wani sai ta zabura.

"Mu koma, Yaya. In ta cika ba na nan fa?"

"Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai kin ji daga bakin likita."

Likitar ta saurari saƙon muryar nan da labarin durowar har ƙarshe, ta cire tabarau.

"Gaskiya masu bincike suna duba alaƙar zink da irin wannan ƙari, kuma har yanzu da sauran aiki. Amma wanda aka ba ki na gudawa ne, ya yi aikinsa. Ba ƙwayoyin da kika bari a durowa suka jawo wannan ba. Kuma na yanzu ba zai narkar da shi ba."

"Ki rantse, likita."

"Ba laifinki ba ne, Mama. Koma ki riƙe 'yarki."

A mota Maman Aku gefen mayafinta kawai take murzawa. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci mu tarar da Aku da rai. Daga bakin ƙofa na kasa kunne, ban ji kuka ba. Sai a lokacin na saki numfashi.

Maman Aku ta cire takalmi, ta hau gado, ta kwanta a bayan yarinyar ta rungume ta.

"Mama," in ji Aku, harshenta a nauyaye, "yau babu cokali?"

"Babu. An daina."

"Yauwa. Dama ba daɗi." Ta juyo da idonta mai lafiya wajena. "Gwaggo, haƙorinki..."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Ban taɓa jin daɗin tsiya irin ta ranar ba.

Bayan kwana biyu, da la'asar, Aku ta cika, kanta a kan hannun uwarta. Allah ya ji ƙanta.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, na shiga wata safiya na tarar da Maman Aku ta haɗa shayi kofi biyu. Ta miƙo min ɗaya. Ta zaro ƙaramin cokalin nan daga cikin sauran cokula, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta sa shi a kofinta tana juya sukari a hankali.