Notin Birkin Gaba

Ranar da babbar 'yarsa ta shigo da babur gida, Tela bai iya ɗinka ko aljihu ba. Ya rufe shago tun la'asar, ya zo tsakar gida yana zagaya shi kamar mai neman aibu a jikin yadi. Ƙaramin babur ne ja, irin na zuwa aiki. Ta sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti can ƙarshen gari, kuma ta gaji da hawa mota biyu kullum tana makara. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran ta da komai ba sai Uwata.

Shi ya koya mata tuƙi, mako biyu cur, a filin bayan makaranta. Ya yi shekara ashirin a kan babur kafin bayansa ya hana shi, ga shi yanzu ya sami wanda zai juye wa abin da ya sani. Ta duba baƙin mai kowace safiya kafin ta tayar da inji. Ta danna taya ta ji iska. Kada sarƙa ta bushe, kada kuma a ɗaure ta tamau. Hular kwano a ɗaure igiyarta, ba ado ba ce. Tana rubutawa a wayarta tana dariya, ta tambaye shi ko akwai jarrabawa a ƙarshe. Bai yi dariya ba.

"Birkin gaba kuwa, Uwata, ki ɗauka ba a yi shi ba."

Ta ce ai mai sayarwa ya ce a haɗa na gaba da na baya. Tela ya ce mai sayarwa so yake a kakkarya babur a dawo sayen kaya. Shi da bakinsa ya sha ƙasa: yana saurayi akuya ta gitta masa, ya damƙe birkin gaba a kan yashi, ya tashi ta saman babur, haƙoransa biyu suka tafi. Ta ce to. Amma yana kallo, duk sa'ad da ta zo tsayawa yatsunta na dama sai sun kai wurin.

Safiyar da za ta fara fita da shi, tana ɗaki tana guga, ya tsuguna wajen tayar gaba. Akwai ɗan noti a ƙarshen wayar birki. Ya sassauta shi, ya ƙara sassautawa, sannan ya matsa birkin ya ji ya tafi lakwas har ƙarshe bai kama komai ba. Sai a lokacin zuciyarsa ta kwanta. Bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa.

Mako uku lafiya lau, tana tsayawa da na baya kawai kamar yadda ya ce. A na huɗu wata motar kaya ta tsaya kwatsam a gabanta a mararraba. Ta taka na baya, taya ta ja a kan kwalta, ta damƙi na gaba, ta shige bayan motar. Hula ta tsare kai. Wuyan hannun dama ya karye.

Da aka dawo da ita gida da hannu a ɗaure, kafin ya buɗe baki ta riga shi. Ta ce ya yafe mata, ya hana ta taɓa birkin gaba amma ta taɓa, ga abin da taurin kai ya jawo. Uwarta ta karɓe zancen, ta ce yaran yanzu haka suke, ubanki ya tsufa a kan babur amma kin fi shi sani. Tela ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya fita wai zai duba shago.

Kwana tara ana haka. Ya kawo mata lemo, ya kawo ayaba, ya faɗaɗa mata hannun riguna uku don ɗaurin ya wuce. Duk wanda ya zo dubiya sai ta maimaita masa laifinta. Ta fara cewa a sayar da babur ɗin, hannun da ya ruɗe a kan titi ta yaya za ta yarda da shi a jijiyar mutane. Tela yana ji daga tsakar gida.

Ya tura babur ɗin zuwa garejin da ke kallon shagonsa. Bakaniken abokinsa ne tun suna samari, ba sa gaisawa sai da tsiya. Bakaniken ya ce yau tela ya kawo ɗinki, ya duba fitilar da ta fashe, ya miƙar da kan babur, sannan ya matsa birki. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon notin. Ya ce noti ba ya tafiya haka da kansa, wannan hannu ne, a nemo maƙiyin yarinyar nan. Da ya ɗago ya ga fuskar abokinsa, sai ya ajiye sifana.

"Kai ne?"

"Don kada ya jefar da ita."

Bakanike bai yi masa tsiya ba, abin da ya fi yi wa Tela ciwo ke nan. Ya ce yawancin tsayawar babur a gaba take, na baya mataimaki ne. Abin da ke jefar da mutum shi ne fizga lokaci guda, ko a kan yashi, ko a cikin kwana. Matsawa ake yi a hankali ana ƙarawa, kamar mai matse lemo, tare da na baya, kan babur a miƙe. Ya ce da birkin nan ya kama, ƙila da tsoro kawai za ta sha. Ya mayar da notin wurinsa cikin 'yan daƙiƙu.

Tela ya sami 'yarsa a bakin ƙofar ɗaki tana fama da cokali da hannun hagu. Uwarta na gefe tana ninke wanki. Ya zauna a ƙasa, abin da bai saba yi ba, ya faɗi komai yana kallon tabarma: safiyar guga, notin, abin da bakanike ya ce. Uwarta ta saki zanen da ke hannunta. 'Yar ta ajiye cokali. Bai ji tsoron ta yi masa faɗa ba, so ma yake ta yi.

"Ke nan ba ni ce na yi kuskure ba."

"Ba ke ba ce, Uwata."

"Baba, kwana tara kana ji ina ba ka haƙuri."

Ta ce ta san don ita ya sassauta, wannan ta fahimta. Shirun ne ba ta gane ba. Ta roƙi uwarta ta ɗauke kwanon, ta shiga ɗaki. Ba ta buga ƙofa ba, ta dai tura ta.

Ba a sayar da babur ɗin ba. Da aka kwance mata hannu, ita da kanta ta je garejin ta ce a koya mata birki daga farko. Tela yana kan keken ɗinki yana hango su ta ƙofar shago: bakanike ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa, ita tana tahowa tana tsayawa, tana komawa tana sakewa. Har yanzu tana gaishe shi kowace safiya da ladabi. Amma kafin ta hau sai ta tsuguna wajen tayar gaba ta duba da idonta, ko da kuwa yana tsaye a wurin.