Ƙyallen da Ya Shaƙe Fanka

Sun baro ƙaramin garin da suka kwana da awa ɗaya da rabi, rana ta ɗaga, sai inbata, akwatin da ke mayar da wutar batirin mota irin ta gida, ta yi tsuwa sau uku ta ɗauke. Nan take na'urar da ke hura wa tsoho Tserenpil iska ta hanci ta yi shiru. 'Yarsa Dulamsuren ta taka birki a tsakiyar fili, inda babu gida babu bishiya, sai ciyawa iya ganin ido. Ta tsallaka baya, ta zare bututun daga na'urar ta haɗa shi da 'yar tukunyar iskar da likita ya ba su don irin wannan rana.

"Baba, ja a hankali. Ka ji ta shigo?"

"Na ji," in ji tsohon daga bencin baya inda yake kishingiɗe. "Ke ce dai ya kamata a sa wa bututun. Dubi fuskarki."

Dulamsuren ba ta yi dariya ba, lissafin lokaci take yi. Tukunyar awa biyu take ɗauka. Asibitin garin yana bayansu, tafiyar awa ɗaya da rabi. Gindin dutsen da aka haifi mahaifinta kuma yana gabansu, awa ɗaya kacal, amma can ko mai sayar da ashana babu. Rabin awa ke nan take da ita. In inbata ba ta tashi ba a cikinta, juyawa za su yi, kuma likita ya riga ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa bayan wannan bazara huhun tsohon ba zai ƙara ɗaukar doguwar tafiya ba. Shi kuwa shekara uku ke nan magana ɗaya ce a bakinsa: a kai shi ya yi birgima a ƙasar da ya faɗo, kamar yadda a al'adarsu kowane ɗan halak yake yi kafin ya bar duniya.

Shekara goma sha biyar ta yi tana jan wannan tsohuwar motar Rasha, kuma ita da hannunta ta ɗaure inbatar a ƙarƙashin bencin baya, ta gwada ta kwana huɗu a birni ba ta ko yi tari ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan ta sani. Shi ya sa abin ya fi ƙona mata rai.

Ta fara da batir. Kawunansa a ɗaure suke tamau, ba tsatsa ba farin gari. Ta zaro fis ta ɗaga shi ga rana, lafiyarsa ƙalau. Ta ɗora ma'auni, wuta na zuwa yadda ya kamata. Ta bi jar waya da yatsa tun daga batir har inda ta shige ƙarƙashin benci, ko ƙwarzane babu. Minti goma sun tafi a banza.

"'Yata, sha shayi tukuna," in ji mahaifiyarta, Yanjmaa, tana miƙo kofi daga fulas. Ita a wurinta babu matsalar da shayin madara da gishiri bai yi wa magani ba.

"Inna, don girman Sama ki bar ni da shayin nan."

Ta miƙa hannu ta danna makunnin inbatar, ba don tana sa rai ba. Sai ga koren haske, na'urar ta ci gaba da gurnaninta kamar ba ita ba.

"Kin gani ko?" in ji Yanjmaa. "Hutawa kawai take so."

"Ta gaji da surutunki ne, tsohuwa," in ji tsohon.

Dulamsuren ba ta saki jiki ba. Abin da ya mutu da kansa ya tashi da kansa ba abin yarda ba ne. Ta bar bututun a jikin tukunya, ta zauna tana kallon agogo. Minti shida, tsuwa uku, jan haske. Yanzu saura mata kamar minti goma, kuma tsoro ya shige ta sosai. Amma wannan karon an ba ta bakin zare: abin da ke aiki in ya huce ya mutu in ya jima, zafi ne ke damunsa. Ta zura hannu ƙarƙashin benci ta janye da sauri, gindin inbatar da ta taɓa ya yi zafin tukunyar da ke kan wuta. Ta sake kunnawa, ta kara kunne. Ba ta ji kukan fankar da ke sanyaya inbatar ba.

"Baba, sai ka ɗan gusa. Zan ɗage katakon."

Suka tallafe shi su biyu zuwa kujerar gaba. Ta kwance kusoshi huɗu ta ɗage katakon, sai ta tsaya cak. An naɗe inbatar tsaf da hadag, shuɗin ƙyallen silikin da ake miƙa wa manya da hannu biyu, an kuma yi masa ƙulli mai kyau a sama. Ya toshe duk ramukan shan iska, fanka kuma ta zuƙe gezarsa ta nannaɗe a wuyanta har ta kasa motsi.

Ta juyo a hankali. "Inna."

Yanjmaa tana ta goge kofin da babu komai a cikinsa.

"Inna, wa ya yi wa inbata ado?"

"Yo ba ke kika ce numfashin babanki a cikin akwatin nan yake ba?" in ji Yanjmaa. "Da safe da kika sauka biyan kuɗin mai na zura hannu na ɗaura. Na yayyafa wa tayoyi madara, na ce shi kuma akwatin a bar shi tsirara, ba albarka ba komai?"

Dulamsuren ta buɗe baki za ta zazzage faɗan da ta tara, sai ta fasa. Garin gyaran gira an kusa rasa ido, gaskiya ne, amma ta gane ƙyallen. Shi ne wanda ke ƙasan akwatin mahaifiyarta tun tana yarinya, wanda aka shimfiɗa a gaban kakanta ranar da aka je neman auren Yanjmaa, shekara hamsin da ɗaya da suka wuce. Ko taɓa shi ba a bari su yi.

Ta gwada warware gezar da yatsa, ta ƙi. "Sai an yanke," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Matsa," in ji Yanjmaa. Ta zaro 'yar wuƙar da take yanka busasshen nama, ta durƙusa, ta datse silikin da kanta ba tare da ta yi jinkiri ba. Sannan ta cire allura daga ƙirjin rigarta ta miƙa wa 'yarta.

Zare bayan zare Dulamsuren ta tsince, ta hure ƙurar, ta tura fankar da kan allura. Fankar ta juya. Dulamsuren ta buɗe ƙofofin motar duka iska ta ratsa ƙarfen, sannan ta danna makunni. Koren haske. Sai wani ɗan siririn kuka ya taso, fiii, ta sa tafin hannu ta ji iska mai ɗumi tana fita. Nan take ta mayar da bututun jikin na'urar, ta rufe tukunya. Minti shida suka wuce, goma, goma sha biyar, koren hasken yana nan. Sannan ta zauna a ƙasa ta jingina da taya. Daɗi ya kama ta, ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi duka biyun.

"To kawo shayin nan, Inna."

"Tsohuwa," tsohon ya kira daga gaba, "da ƙyallen nan fa na same ki. Tunda kin yanke shi, auren ya mutu ke nan?"

"Ka yi shiru ka ja iskarka. In ya mutu wa zai kwashe ka?"

Ba ta mayar da katakon ba, haka suka ƙarasa da inbata a buɗe, Yanjmaa na zaune kusa da ita tana kore ko gefen rigarta kada ya matsa. Da suka isa gindin dutsen, tsohon ya nuna wani ɗan kwari inda duwatsu uku na murhu suka nutse cikin ciyawa. Dulamsuren ta kai motar dab da wurin, ta bar injin a kunne, ta warware bututun iya tsawonsa, taku bakwai. Ya isa.

Suka sauko da shi. Yanjmaa ta ɗaura masa ragowar shuɗin ƙyallen a wuyan hannu. Ya durƙusa, ya kwanta, ya mirgina dama, ya mirgina hagu, ciyawa na manne masa a gashi, 'yarsa na biye da shi tana ɗaga bututun kada ya harɗe. Sannan ya kifa fuskarsa a ƙasa ya yi shiru, har gabanta ya faɗi.

"Baba?"

"Ƙyale ni," ya ce, bai ɗago ba. "Ƙamshinta nake shaƙa. Yana nan yadda na bar shi."