Numfashin Rufi

Mutanen layin suna cewa Baba Kafinta ba ya maimaita magana. In ya ce maka katakon nan ɗanye ne zai lanƙwashe, ka ce kai dai a buga, to zai buga maka shi tsaf ya kama hanyarsa. Mai shagon bakin titi yana rantsuwa cewa shekara talatin suna zama benci ɗaya bai taɓa jin "ai na gaya maka" a bakinsa ba. Matan layin kuwa cewa suke yi taurin kai ne aka lulluɓe da shiru. Surukarsa, matar ɗansa, wadda ta shekara tara tana kai masa abinci ɗaki, ba ta sa baki in ana wannan gardama. Ita dai ta san cewa in tsohon ya yi shiru ya zuba wa tafin hannunsa ido, to wani abu ya taɓa shi.

Ɗan nasa a shagon sayar da waya yake aiki, amma abokai Injiniya suke kiransa, don babu abin da zai lalace a gida bai kwance shi da kansa ba, ko da zai ƙarasa shi ne.

Da zafin bana ya kankama, mitar gidan ta fara shan wuta kamar ana zuƙarta da tsinke. Injiniya ya tashi tsaye. Ya liƙa roba a ƙasan ƙofofi, ya rataya labule mai kauri a tagar da rana ke duka da yamma, ya canja ƙwayayen fitila, ya wanke ragar esi, na'urar sanyin falo. Duk wannan Baba ya gani ya gyaɗa kai. Sai wata Asabar, da sanyin safiya, Injiniya ya jingina tsani a barandar ciki, ya ɗaga murfin silin, ya fara miƙa yankakken soson tsohuwar katifa da guntayen katako sama.

Baba ne ya yi rufin gidan da hannunsa. A saman bango, tsakanin silin da kwano, ya bar kafofi shida, uku gabas uku yamma, kowace da ragar waya don kada tsuntsu ya shiga.

"Waɗannan kada ka taɓa su," in ji Baba daga gindin tsani. "Ta nan rufin yake numfashi."

"Baba, ai ta nan sanyin yake gudu. Mai gyaran esi ya ce a toshe duk inda iska ke fita." Ya yi dariya. "Gidan zamani ba a barinsa da huji kamar rariya."

Baba ya dubi tafin hannunsa, ya koma ɗaki.

Mako uku bayan nan gidan ya zama abin da ya zama. Da azahar in matar Injiniya ta ɗaga tsintsiya ta share yanar gizo, sai ta ji zafi yana sauko mata daga silin kamar ta tsaya gaban murhu. Esi ya daina hutawa, sai gurnani yake daga safe har dare, falon kuma bai yi sanyin kirki ba.

Yau da safe abin ya fashe. Injiniya ya dawo daga duba mita fuska a murtuke, yara suna sa takalman makaranta, Baba yana shan shayi a baranda.

"Ni na rasa gane gidan nan. Na toshe ko'ina, na liƙe ko'ina, amma wani yana can yana kunna esi yini guda ƙofa a buɗe." Bai kalli kowa ba, amma ya shiga ɗakin Baba ya fito da rimot ɗin esin ɗakin ya jefa a aljihu. "Da rana fanka ta ishi kowa. Ba tsinto wutar nake yi ba."

Ita tana tsaye da farantin burodi a hannu. Ta san rimot ɗin nan. Ita ke goge teburin da yake kai kullum. Ta buɗe baki, ta ga jijiyar wuyan mijin a tashe, ta ga yara suna kallo, sai ta rufe. Baba ya ajiye kofin da sauran shayi a ciki.

Wajen ƙarfe ɗaya tana kicin tana yanka albasa ta ji bugu a bisa kanta. Kwas. Kwas. Sai ƙarar ƙusa da ake zarewa daga katako. Ta fito da wuƙar a hannu. Tsani a jingine, murfin silin a ɗage, hular Baba da takalmansa a jere a gindin bango kamar ya shiga wanka.

"Baba! Baba, kana sama ne?"

"Ina nan, 'yata." Muryar ta zo daga nesa, a dakushe. "Saura huɗu."

"Don Allah ka sauko. Rana ce tsaka. Ka bari ya dawo."

Kwas. Kwas.

Ta kira mijin. Sai a kira na uku ya ɗauka, da hayaniyar shago a bayansa.

"Baban yara, Baba ya hau cikin silin."

"Ya hau ina? Ki ce masa ya sauko mana!"

"Ni zan ce masa? Kai da ka tashi a hannunsa ka taɓa ganin an ce masa sau biyu ya ji, ko ya ce sau biyu? Ka taho yanzu. Bai sha maganin hawan jininsa ba, ga shi nan a kan tebur."

Ta kashe wayar kafin ya amsa, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

Ta ɗauko gorar ruwa daga firij, ta ɗaure zaninta tam, ta hau tsanin. Kanta na shiga cikin silin zafi ya mare ta. Warin ƙura da tsohon soso da kwano mai ƙuna. Can ƙarshen gabas haske uku sun huda duhun, Baba kuma yana rarrafe a kan katakan rufi ya nufi yamma, guduma a soke a ƙugu, rigarsa ta manne a baya.

"Kada ki shigo," ya ce bai juyo ba. "Silin ba ya ɗaukar mutum. Sai wanda ya san inda katako yake."

"Ga ruwa, Baba."

"Ajiye nan."

Ta ajiye, ta kasa sauka. Ta tsaya a matakin tsani tana ƙirga bugun. Kafa ta huɗu ta buɗe, haske ya shigo. Ya matsa gaba a hankali, hannu, gwiwa, hannu. A ta biyar bugun ya canja. Sai ya buga ɗaya, ya daɗe, ya buga wani. Katakon ya faɗi, soson ya biyo baya. Sannan shiru.

"Baba?"

Kwano yana ƙas-ƙas saboda rana. Esi yana gurnani a ƙasa.

"Baba, ka yi magana!"

Ta hango shi ya jingina da bango, ya kafa fuskarsa a ragar kafar, gudumar ta zame daga hannunsa. Ta ɗora gwiwa ɗaya a bakin murfin, tana neman katakon da ido, sai ta ji an banko ƙofar gida.

"Ina yake? Sauko, sauko in hau!"

Ta sauka, ya hau da takalmin aiki da rigar shago. Kansa na shiga ta ji ya ja numfashi da ƙarfi. "Innalillahi. Wannan ai tanda ce." Shi da sanyin safiya ya yi nasa aikin, bai taɓa sanin abin da ke kwance a bisa kansu da rana ba. Ta bi shi ta sake leƙawa. Ya ɗauki gorar ya fara rarrafe da sauri, ƙafarsa ta kauce, ta ɓurma silin ta leƙo falo har gwiwa, farar ƙura ta zubo a kan kujera.

"Katako," in ji wata siririyar murya daga bango. "Bi layin ƙusa."

Ta sauke ajiyar zuciya.

Injiniya ya zare ƙafar, ya bi layin ƙusa har ya isa. Ya zuba wa uban ruwa a ka, ya kafa masa gorar a baki.

"Baba, kama wuyana mu sauka."

Baba ya lalubo gudumar ya miƙa masa.

"Saura ɗaya."

"Baba, ka bar ta, wallahi gobe zan..."

Tsohon bai ƙara ba. Ya dai riƙe gudumar a miƙe. Daga inda take tana ganin bayan mijinta yana hawa yana sauka. Sannan ya karɓa. Ya matsa ga kafa ta shida, ya sa bakin guduma a ƙarƙashin ƙusoshin da shi ya buga, ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya fizge soson ya jefar. Ba a daɗe ba ta ga ƙurar da ke tsaye cikin hasken ta fara tafiya, daga gabas zuwa yamma, a hankali. Wata iska mai ɗumi ta shafi goshinta ta wuce.

Su biyu suka sauko da shi, mijin a sama yana riƙe da hammatarsa, ita a ƙasa tana danne tsani da dukkan ƙarfinta. Suka kwantar da shi a tabarma a falo, ƙarƙashin ramin da ƙafar Injiniya ta yi. Ta jiƙa tawul ta ɗora masa a wuya, ta kawo maganinsa. Sai da ya shanye kofi biyu kafin idonsa ya dawo daidai. Ya kalli ramin.

"Wannan kuma," ya ce, "ba ya cikin lissafin kafofina."

Ba wanda ya yi dariya. Injiniya yana durƙushe, gwiwar wandonsa a yage. Ta san shi. In ya yi laifi ba ya magana, sai dai ya dawo da yamma da ledar lemo ya ajiye a ƙofar mutum. Ya sa hannu a aljihu ya ciro rimot ɗin.

"Bari in kunna maka na ɗakinka ya yi sanyi, sai ka koma can ka huta."

"Buɗe bayansa," ta ce.

Ya dube ta.

"Ka buɗe, Baban yara. Da safe ya kamata in faɗa, na yi shiru."

Ya zame murfin da babban yatsa. Babu batir ko ɗaya.

"Tun farkon zafin nan ya cire su ya ba ni na sa a agogon kicin," ta ce. "Ya ce shi fanka ta ishe shi, a bar wa yara sanyin. Bai kunna ba ko sau ɗaya."

Injiniya ya daɗe yana kallon ramin batir ɗin. Baba yana kallon tafin hannunsa, inda ƙusa ta karce shi. Mijin ya ajiye rimot a ƙasa, ya cire takalmansa, ya matso ya kama hannun da hannayensa biyu.

"Baba, ka gaya mini ban ji ba. Na toshe aikinka, kuma na ɗora maka laifina a gaban jikokinka." Ya ɗaga murya yadda har ita da ke bakin ƙofar kicin za ta ji. "Na yi kuskure, Baba. Ka yafe mini."