Jinin Mahauci

Mahauci bai taɓa kwanciya a asibiti ba, kuma duk wanda ya tsaya a teburinsa sayen tsoka sai ya sha wannan labari kafin a miƙa masa ledarsa. Jini kuwa, a cewarsa, ya fi likita saninsa, tunda a cikinsa yake wuni.

Saboda haka da aka ce jikansa Tsito yana da sikila, bai ɓata lokaci ba wajen gano mai laifi. Surukarsa ce, matar ɗansa, 'yar siririyar nan da ko bokiti ba ta ɗagawa sai ta huta. Ya daina amsa gaisuwarta. In ta kawo masa ruwa sai ya ce a ajiye. Har ya fara tuna wa ɗan nasa cewa gidan iyayenta ma ai akwai ɗaki.

Ɗan ya yi ta bayani cewa ciwon ba ya zuwa daga gefe ɗaya, sai uwa da uba kowa ya ba da nasa, kuma shi ma an gwada shi an ga yana ɗauke da shi. Mahauci ya juya ya dubi matarsa tana yankan farce. To, ashe daga nan ɗan ya kwaso. Dama danginta ko mura ce sai ta kayar da su.

"Gobe mu je a gwada mu, ni da kai," in ji matar, ko kai ba ta ɗago ba.

Gobe ta yi masa kusa, ya ce sai ƙarshen wata. Daga ranar ya shiga kiwon kansa kamar sa da za a kai kasuwa: hanta da safe, ƙoda da rana, alayyafo da a da yake cewa abincin awaki ne, ga kwalaben maganin ƙarin jini jere a kan taga. Masu sayen hanta suka yi ta komawa hannu rabbana. Kullum sai ya ja fatar idonsa a gaban madubi ya duba ja.

Ranar karɓar sakamako ya sa sabuwar riga. Likitar ta duba ta ce, "Baba, yawan jininka ko saurayi sai haka." Mahauci ya gyara zama, ya aika wa matarsa wani kallo, har ya fara laluben hularsa zai tashi.

Likitar ta ce ya ɗan dakata, wancan awon yawa ne, akwai kuma na iri. Yawa yana hawa yana sauka da abin da mutum ya ci, iri kuwa da shi ake haihuwar mutum, ko hantar shanun gari kaf ya cinye ba zai canza ba. Nasa AS ne: yana ɗauke da ƙwayar sikila ɗaya, ba ta sa shi ciwo, amma yana iya miƙa ta ga ɗansa. Na Mama kuwa AA ne, babu ko ɗaya.

Ya tambaya ko an yi musayar kwalabe.

"Kai da ka tsaya a kansu sai da suka manna sunanka?" in ji matarsa.

Suka dawo gida. Kunya ce ta fara kama shi, amma da ya jiyo kukan Tsito daga ɗaki sai tausayi ya danne ta. Ciwon ya tashi tun safe. Surukar na zaune a ƙasa da roba ta ruwan ɗumi tana gasa wa yaron ƙafa, idanunta sun kumbura. Da ta gan shi a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai ta gaishe shi, irin gaisuwar da ba a jiran amsarta.

Ya amsa. Ya naɗe hannun sabuwar rigar, ya durƙusa da kyar, ya karɓi tawul ɗin daga hannunta ya matse.

"Je ki ɗan kwanta, 'yata," ya ce. "Rabin ciwon nan ni na ba shi."