Wurin Zaman Bronek a Kwalekwale

Taurin kan Bronek ba baƙo ba ne a ƙauyensu, amma babu wanda ya sha shi kamar matarsa Lucyna. Tun suna da jini a jika, duk shekara in ƙanƙara ta narke rafin Olszanka ya kawo ruwa, sai su fito da kwalekwalensu su bi shi daga tsohon injin niƙa har tafki. Ita a gaba, shi a baya. Na baya ne ke juya kwalekwale, kuma Bronek bai taɓa bar wa kowa wurin ba, ko da wasa.

To, bana idanunsa sun gaza. Likita ya ce ɗan abin da ya rage ma ba zai kai baɗi ba. Da 'yarsu Malwina ta ji za su shiga ruwa, ta bugo waya daga birni tana faɗa.

"Mama, kashe kanku za ku yi? Ki hana shi mana!"

"Ke ki zo ki hana shi," in ji Lucyna. "Ubanki ne, ba akuya ba da zan ɗaure."

Gaskiyar magana, ita ma tana son tafiyar. Ta san ita ce ta ƙarshe.

Ƙaramin rafi ba zurfinsa ke kisa ba, itacen da ya faɗo cikinsa ne. Ruwa ya wuce ta cikin rassa, kwalekwale ya maƙale, ya kife da mutum a ƙarƙashi. Shi ya sa Bronek ya kafa doka tun da: ba a shiga sai an bi gaɓa da ƙafa ana gobe tafiya, an ga kowace kwana da ido. Shi ke yin wannan aikin kullum. Bana Lucyna ta sa takalman roba ta tafi ita kaɗai, gwiwa na mata ciwo, tana tafe tana zagin laka.

A kwanar da ke ƙasa da gadar katako ta tsaya cak. Iska ta kayar da wani ƙaton itace ya tare rafin, sai 'yar hanya a hagu da kwalekwale zai wuce da ƙyar. Ruwa na ta ruri cikin rassan. Ta daɗe tana kallo. Wannan wuri sai na baya ya gani da idonsa ya juya a kan lokaci. Kafin na gaba ya yi ihu, na baya ya ji, an riga an shiga cikin rassan.

Da ta koma gida ta tarar da Bronek ya gama shiri tsaf, da laluben hannu. Rigunan ceto, busassun kaya a ƙulle cikin leda, baƙin burodi da cuku, har ya gaya wa maƙwabci ya jira su da mota a bakin tafki. Sai murna yake kamar yaro ranar biki.

"Yaya rafin, tsohuwa?"

Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Sannan ta ce, "Gobe ni zan zauna a baya."

"Ke? Ke da ko baro ba ki iya tuƙawa ba?"

"Na iya gani, Bronek."

Kai, maganar ta yi nauyi. Tana fita daga bakinta ta so ta mayar, amma magana zarar bunu ce. Ya tashi ya fita, kafaɗarsa ta bugi ƙofa.

Washegari da safe suka ja kwalekwalen zuwa bakin ruwa. Ta ɗaure masa rigar ceto, ta miƙa masa filafilin tuƙi. Ya tsaya riƙe da shi, bai shiga ba.

"Lucyna, ba tuƙin ne ya dame ni ba," ya ce a hankali. "Itatuwa sun ɓace mini, ruwan ma hazo ne kawai. Amma in kina gabana, kusa haka, ina ganin bayanki. Shi kaɗai ya rage mini. In na zauna a gaba, me zan kalla?"

Tausayinsa ya kama ta. Kalma ɗaya za ta faɗa ya samu abin da yake so, kuma Allah ya sani ta so ta faɗa. Amma ta ga itacen nan da idonta, ta ji rurin ruwan.

"Gaba za ka zauna," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Ta kama hannunsa ta zaunar da shi, ta koma baya ta tura kwalekwalen cikin ruwa. Ya fara tuƙi, yana fuskantar inda ba ya ganin komai. Ita kuwa ta goge idonta da bayan hannu, ta sake gogewa da sauri, don kwanar gada ba ta da nisa kuma idon mutum biyu take riƙe da shi.