Gaisuwar Maiwada

Ruwan shuka ya sauka da asuba, kowa a ƙauyen ya saɓa sungumi ya nufi gona, ban da Maharazu. Shi ba shi da abin zubawa a rami. Gara ta shiga rumbunsa tun da rani ta cinye dawar da ya ware don iri, ya kuwa binne maganar saboda kunya, daga shi sai matarsa Hansai. Mutum ɗaya ya sani mai ajiye iri fiye da bukatarsa, wato Maiwada na Gozaki, aminin marigayi mahaifinsa. Hansai ta miƙa masa jakar fata, ta ja masa kunne ya faɗi abin da ya kai shi tun kafin ya zauna, don ta san tsohon, ta kuma san mijinta.

Da hantsi ya iso, ya tura jakar ƙarƙashin riga, ya durƙusa a zaure. To, Maiwada irin mutanen nan ne da gaisuwa ce sana'arsu. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya yi barka da ruwa. Ya tambayi Hansai, da uwar Hansai, da akuyar nan ta uwar Hansai da ta karye bara. Maharazu na ta lafiya lau, lafiya lau, hankalinsa na kan ranar da ke ɗagawa tana shanye damshin gonarsa. Da ya gyara murya zai kawo tasa, sai tsohon ya tuna bai gaida mutanen hanya ba, aka koma farko.

Daga nan aka faɗa labarin fataken Gwanja da suka yada zango a Danja, da yadda goron bana bai kai na da ba, da yadda komai ma bai kai na da ba. Ƙafar Maharazu ta yi tsami. Takaici ya cika shi har wuya, yana murmushi.

Can tsohon ya dube shi ya ce, "Yaya gona? An dai fara shuka ko?"

Ga ƙofa a buɗe. Amma bakin da tun hantsi yake amsa gaisuwa bai jira mai shi ba.

"Alhamdu lillahi, Baba, ana kai."

Ya lallashi kansa cewa zai faɗa wajen rakiya, inda manya ke yin maganar da ta kawo su.

Ana haka sai ga Hajo, wata tsohuwa maƙwabciyar Maiwada, ta leƙo da ƙwarya a hannu. Sallama ɗaya ta yi, ta ce ɓera ya gama da irinta, a taimaka mata kafin ƙasa ta bushe. Maiwada ya yi mitar mutanen yanzu da ba su iya gaisuwa ba, amma ya tashi ya shiga gida, ya fito da ƙwaryar cike.

"Ungo, ragowar ke nan. Da ma wa ɗana Maharazu na ajiye, don na ji ƙishin-ƙishin gara ta taɓa shi. To ga shi da bakinsa ya ce ana kai."

Maharazu ya ji kamar ya mari kansa. In ya yi magana yanzu, ya zama maƙaryaci a gaban aminin ubansa, kuma mai ƙwace abinci a hannun tsohuwa. Yana kallo ƙwaryar ta fice.

Maiwada ya raka shi har bakin ganuwa, yana yaba masa, wai halin ubansa ya ɗauko, ranar shuka guda ya bar gona ya tako don zumunci kawai. Ya ba shi saƙon gaisuwa ga Hansai, da uwarta, har da akuyar.

Bayan azahar ya isa gida, ƙasa ta fara yin fari a ƙarƙashin ƙafarsa. Hansai na tsaye bakin ƙofa, ta wanke ƙoƙon shuka tana jira. Ta dubi jakar a lafe, ta dube shi, ta tambayi yadda aka yi.

Ya ce, "Yana gaishe ki."